Muryar Vinko a Bakin Rami

Ranar Litinin, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, janaretan Vinko ya mutu. Ina wanke-wanke a bayan tsohuwar bas ɗin da muka mayar gida, na ji ya yi tari sau biyu ya yi tsit. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da mutumin nan a Mil Tara, ban taɓa jin janaretansa ya huta kafin ƙarfe uku ba, in ba ranar Lahadi ba.

Da mijina Des ya hauro daga namu ramin don cin abinci, fari fat da ƙura har gira, na gaya masa. Ya tsaya da burodi a hannu ya kasa kunne, sannan ya yi wannan murmushin nasa da na tsana, na wanda ya riga kowa ganewa.

"Tsohon nan ya samu kala," in ji shi.

Kala muke ce wa ofal, dutsen adon da ya tara mu a wannan fako, kowa da ɗan filinsa mai turaku huɗu a kusurwa, kowa da raminsa mai zurfin ƙafa arba'in. Muddin kana jin injin mutum yana ruri, to ƙasar banza yake fitarwa. Ran da ya ga kala a bango kuwa, kashe inji zai yi, don inji farfasa dutsen yake, ya ɗauko ƙaramar diga da sukudireba ya zauna yana ɓantara da hannu. Ba zai je shago ba, ba zai amsa gaisuwa da kyau ba, ko uwar da ta haife shi ba zai gaya wa ba. Ɓarayin rami sun yi yawa, kuma yawancinsu maƙwabta ne. Shi ya sa a nan ba a ƙetare turken mutum sai ya ce shigo. Wani Bagirke ya taɓa rasa yatsun ƙafa uku a kan haka, kuma ba wanda ya ce masa sannu.

Vinko ya haura saba'in. Tun yana saurayi ya bar Kuroshiya ya zo Ostareliya, ya yi ta haƙa har bayansa ya lanƙwashe, ba mata, ba ɗa, sai wani farin aku mai tukku ruwan ɗorawa da yake kira Gwamna. Shekara talatin suna tare, kuma Gwamna ya kwashe sansanin nan kaf ya zuba a maƙogwaro. Yana tarin Vinko, yana fitar butar shayi idan ta tafasa, yana ƙarar cokali a kofi da kukan ƙofar kwano. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne korar baƙi, don Vinko da kansa ya zauna ya koya masa. Daga nesa ba mahaluƙin da zai rarrabe muryarsu. Ni dai ina da dabarata: in na kira aka amsa, sai in ƙara tambaya ta biyu, wadda tsuntsu ba shi da amsarta. In ce yaya gwiwar, ko in ce ka ji an yi ruwa a gari? In Vinko ne, zai zagi gwiwar ko ya zagi ruwan.

Talata ita ce ranar da nake gasa burodi, kuma kullum nakan rataya masa ɗaya da ƙwai shida a turken da ya raba mu. Na je da sassafe na rataya, na ɗaga murya.

"Baba Vinko! Kana nan da rai?"

Aka yi tari daga wajen rumfar da ke bakin ramin. "Ina nan, ina nan! Tafi, ina aiki!"

Sai buta ta soma fito. Na yi dariya na ce, "To, a yi aiki lafiya, marowaci," na juya na tafi. Ban yi tambaya ta biyu ba. Na sha gaya wa kaina cewa mantawa na yi, amma ƙarya ne. Sauri nake yi, domin tun asuba Des ya fito da igiyar awo ya lissafa cewa hanyar da Vinko yake bi a ƙarƙashin ƙasa ta nufo iyakarmu. Jijiyar kala ba ta san turke ba. In ya same ta a can, mai yiwuwa jelarta tana cikin namu filin, kuma shekara huɗu ke nan rabonmu da ganin dutsen kirki.

Ranar muka bar hanyar da muke bi, muka karkata yamma. Des yana riƙe da inji, ni ina loda guga ina aikawa sama. A ƙasa akwai sanyi, ba ƙuda, ba ƙarar komai sai taka. Wajen azahar Des ya kashe inji don ya sha ruwa, sai muka ji shi ta cikin bango. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Shiru. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Des ya dafe bango da tafin hannu, idonsa na ƙyalli a hasken fitila. "Kin ji ko? Da hannu yake yi. Na gaya miki, Glenda. Tsohon banza, ya samu ya yi lamo."

"Me ya sa uku-uku?" na ce.

"Yo sau nawa kike so ya buga? Dutse ne mai tsada, ba itacen girki ba. Bugawa zai yi ya duba, ya sake bugawa."

Na yarda, don ina son in yarda. Har rawa Des ya taka a cikin ramin nan da ba ka iya miƙewa tsaye, ya buge kai, muka yi ta dariya. Ya tayar da inji ya nufi daidai inda ƙarar take fitowa.

Laraba da safe burodin yana nan a turke, tururuwa sun yi masa baƙi. Ƙwan kuwa damo ya riga ya sha su, sai ɓawo a ƙasa. Na tsaya ina kallon sansanin Vinko. A-kori-kurarsa tana inda take ƙarƙashin bishiya. Tulin farar ƙasar da ke gefen ramin bai ƙaru da ko cokali ba. Rigar da ya shanya tun Lahadi tana kan igiya, ta bushe ta ƙandare. Na ɗaga murya na kira shi.

"Ina nan, ina nan! Tafi, ina aiki!"

Ƙofar kwano ta yi kuka, cokali ya kaɗa a kofi. Daga inda nake tsaye zuwa bakin ramin bai fi taku talatin ba. Na dubi turken, na dubi ƙafata, na cire ruɓaɓɓen burodin na koma gida. Da na gaya wa Des, ya ce mai kala ba ya jin yunwa, shi ma lokacin da muka samu namu kwana biyu ya yi a kan biskit da shayi, ko na manta? Ban manta ba, haka aka yi.

Da yamma na je shagon Ilona sayen man janareta. Ilona 'yar Hangari ce, ta kai shekara arba'in a bayan kantar nan, kuma ta san wanda ya sayi sigari da wanda bai saya ba a duk faɗin filin. Tana zuba mini mai ta dube ni ta saman tabarau.

"Ina maƙwabcin naku? Tabarsa ta zo tun Litinin, bai leƙo ba. Mutumin da ko jana'iza ba ta hana shi zuwa karɓar taba."

"Yana nan," na ce.

"Kin gan shi?"

"Yau da safe muka gaisa."

"Da kika gan shi lafiya yake? Don ranar Asabar numfashinsa bai yi mini ba. Na ce ko in rufe shago in leƙa shi."

A bayana akwai maza biyu suna jiran layi, irin waɗanda kunnensu ya fi hannunsu aiki. In Ilona ta rufe shago ta tafi Mil Tara, kafin rana ta faɗi kowa ya san akwai labari a wajenmu, gobe kuma mu wayi gari da baƙi suna shawagi a gefen turakunmu. Na yi dariya na ce, "Haba Ilona, ki je ya kore ki da zagi? Garau yake, ya fi ni lafiya. Kawo tabar in kai masa." Ta miƙo mini, ta ce in gaya masa ya daina rowar fuska. Na jefa tabar a aljihun mota na ja na tafi, har ina yaba wa kaina wayo.

Alhamis mun ci ƙasa sosai. Duk lokacin da Des ya kashe inji, mukan riƙe numfashi mu saurara. Bugun yana nan, kuma ya matso, amma ya canza. Ba uku-uku ba kuma. Ɗaya, sai dogon shiru, sai wani ɗaya mai rauni, kamar an bar ƙarfen ya faɗi da kansa.

"Ya gaji," na ce.

"Ya kusa kwashewa ne," in ji Des. "Yi sauri da gugan nan, ke ma kin tsaya kina sauraron kiɗa."

Bayan azahar ya kashe inji, ba mu ji komai ba. Muka jira. Des ya manna kunne a bango har ƙura ta shige masa, ya ɗago ya ce tsohon ya hau sama cin abinci. Ƙarfe huɗu muka sake saurarawa, shiru. A bangonmu kuwa ba kala ba alamarta, sai farar ƙasa mai laushi, guga bayan guga. Muka hauro. Na dafa nama da dankali, na kasa ci. Daga can sansanin Vinko buta tana ta fito, ta yi ta yi ba a sauke ta ba, kuma bututun murhunsa ba hayaƙi.

Juma'a da safe ina shanya, na ji fuka-fuki. Gwamna ne ya sauka a kan turken iyaka. Bai taɓa zuwa nan ba, don ba ya nisa da rumfar bakin ramin, a kan ƙarfen da ke jan guga yake wuni. Ƙirjinsa ya yi datti, tukkunsa a kwance. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya buɗe baki, sai wata murya ta fito wadda ban taɓa ji ba. Muryar Vinko ce, amma an matse ta, ta bushe, kuma tana da amon abin da ya fito daga ƙasan rijiya.

"Glenda. Glenda. Ruwa."

Rigar da ke hannuna ta faɗi.

"Glenda. 'Yar nan. Glenda."

Ya girgiza jiki, ya miƙe tukku, ya daka tsawa da cikakkiyar murya, "Tafi, ina aiki!" Sannan ya koma ƙasa-ƙasa ya ci gaba da kiran sunana.

Na san tsuntsun nan. Akwai shekarar da na yi hunturu guda ina ƙoƙarin koya masa ina kwana, kullum safiya, bai ɗauka ba sai da bazara ta shigo. Gwamna ba ya kama magana sai ya ji ta har ta ishe shi. Na tsaya a wurin ina ƙoƙarin lissafa sau nawa mutum zai kira suna ɗaya a cikin kwana huɗu kafin aku ya haddace.

Na ƙwala wa Des kira. Ya fito da reza a hannu, rabin fuska kumfa. Ya ji da kunnensa, na ga launin fuskarsa ya sauya, amma bakinsa bai bi ba.

"Tsuntsu ne fa. Wa ya san inda ya jiyo? Ƙila tsohon ya sha giyarsa ya yi ta surutai."

"Ruwa yake cewa, Des."

"To in kika shiga ya fito miki da bindiga fa? Kin san halinsa. Kuma in aka ji mun ƙetare turke alhali muna haƙa ta wajensa, me za a kira mu a garin nan? Bari mu ƙara kira daga nan tukuna."

"Kira wa? Wa zai amsa maka?"

Na ɗauki gorar ruwa da tocila, na ɗaga ƙafa na ƙetare turken nan da na shekara goma sha ɗaya ina girmamawa kamar katangar coci. Ba abin da ya faru. Ƙasa ce irin tamu, da ƙaya irin tamu.

Murhu ya yi sanyi. Kofin shayi yana kan tebur, ƙudaje sun mutu a ciki. Buhun tsabar Gwamna yana yashe a ƙasa, ya farke shi da baki, kuma famfon tanki yana ɗiga inda yake sha. Gwamna ya biyo ni ya sauka a kan ƙarfen guga, ya leƙa cikin ramin kamar yadda ya saba. Na durƙusa a baki na kira sunan Vinko. Muryata ta tafi ta dawo. Wani wari ya taso a hankali, na rufaffen ɗakin marar lafiya.

"Ɗauki mota ka hau tudu inda waya ke kamawa," na ce wa Des. "Ka kira masu ceto. Ka ce ƙasa ta rufta."

"Ba ki ma gani ba tukuna."

"Tafi!"

Na kama tsanin ƙarfe na soma sauka. Ƙafa arba'in ba komai ba ce a wurina, kullum ina yi, amma ranar sai da na tsaya sau biyu. Da'irar hasken sama tana ƙanƙancewa, kan Gwamna yana leƙowa a gefenta. A ƙasa hanya biyu ce, na bi ta gabas, wadda ta nufi filinmu, a sunkuye. Taku goma sha biyar na fara taka ɓaraguzai. Ginshiƙin ƙasar da ya kamata Vinko ya bari ya riƙe rufi, ya yi ta shaftare shi har ya sirance, irin gangancin da tsofaffin mahaƙa ke yi suna cewa sun san ƙasarsu. Rufin ya sauko.

Yana kwance rigingine, wani falalen dutse ya danne shi daga gwiwa zuwa ƙasa. Gorar ruwansa tana gefe a bushe, ya yanke ta da wuƙa don ya lashe cikin. A hannun damansa akwai ƙaramar diga, kuma a bangon da ke kusa da kansa ya ci wani ɗan gurbi daidai faɗin tafin hannu, wurin da ya yi ta bugu.

Zan faɗi wannan don ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin in haska fuskarsa, sai da na haska bangon. Hannuna ne ya yi da kansa, daƙiƙa ɗaya, sama da ƙasa. Ba kala. Ba a taɓa samun kala a wurin ba. Man janaretansa ne kawai ya ƙare ranar Litinin, shi kuwa yana nan ƙasa ba mai ƙarawa.

Na ɗauka ya mutu, sai na ga leɓensa ya motsa. Na ɗaga kansa na ɗora a cinyata, na jiƙa gefen rigata ina matsa masa a baki, don na san ba a ba irinsa ruwa da yawa lokaci ɗaya. Harshensa ya kumbura ya yi baƙi. Ya daɗe kafin idonsa ya same ni.

"'Yar nan," ya ce.

"Ni ce, Baba. Kar ka yi magana. Des ya tafi kiran mutane."

"Gwamna?"

"Yana sama. Lafiyarsa ƙalau, yana ta zagin jama'a."

Ya yi wani abu mai kama da dariya, ya sa shi tari. Masu ceto sai da suka yi awa ɗaya da rabi kafin su iso, da jakunkunan iska na ɗaga dutse. Sun fitar da shi da rai, amma bai kai asibiti ba, a cikin jirgin likitoci ya cika, tun ba su yi rabin hanya ba. Likitar ta ce da a ce kwana biyu da suka wuce ne, ƙafafun kawai zai rasa.

Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin, ni da shi ne kawai a ƙasa, tocila tana jingine da dutse. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Fatar yatsunsa duk ta saɓule. Ya ja ni kusa don muryar ba ta fita.

"Na ji ku," ya ce. "Ta bango. Tun Talata."

Na sunkuya kusa da bakinsa.

"Fitilata ta mutu, ruwa ya ƙare, na ce shi ke nan. Sai na ji injin Des ya juyo. Na buga, kuka tsaya kuka saurara, kuka ƙara matsowa. Kullum kuna matsowa." Ya huta, ƙirjinsa yana hawa da sauka. "Na ce bakin ramina ya toshe ke nan, shi ya sa suka biyo ta nasu. Na ce Vinko, kar ka kuskura ka mutu, yaran nan suna kashe kansu a kanka. Kwana uku kuna haƙa. Mutum saba'in a filin nan, ba mai yi mini haka."

Ya matse hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, kuka ba hawaye, ido kawai ya yi ja.

"Ni kuke tonowa, ko ba haka ba, 'yar nan?"

Na dubi gurbin da ya ci a bango. Bayan bangon nan, bai fi taku biyu ba, injin Des yana jingine inda muka bar shi jiya.

"Kai muke tonowa, Baba," na ce.

Ya lumshe ido ya ce Allah ya yi mana albarka, ni da mijina, ya sake maimaitawa, kuma na zauna na riƙe kansa na karɓa.